Me Ake Saye a Gwanjon Tsofaffin Motoci?

A cikin watan Agusta na shekarar 2016, a garin Monterey da ke bakin teku a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, inda attajirai masu sha'awar tsofaffin motoci kan yi taro kowace shekara, aka turo wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya, mai kujera biyu, marar rufi, gaban masu tayi. Fentinta ya kwarzane, fatar kujerunta ta yayyage, ta yadda da a gefen hanya wanda bai san ta ba ya gan ta, da sai ya yi wa mai ita jaje. Amma ba a buga guduma ba sai da tayi ya kai dala miliyan 12.5, da aka ɗora la'adar kamfanin gwanjo, watau ushirin kuɗin, sai ya zama mai saye ya biya dala miliyan 13.75, kuɗin da har zuwa ranar ba a taɓa biyan irinsa a gwanjo don motar Amurka ba. Bayan shekara biyu wata mai suna Duesenberg SSJ, ƙirar 1935, wadda guda biyu kaɗai aka yi, ɗan wasan sinima Gary Cooper kuma ya hau wannan ɗin, ta tashi a kan dala miliyan 22.

Shuɗiyar motar nan ita ce Cobra ta farko, mai lamba CSX2000, wadda Carroll Shelby ya haɗa a 1962. Shi dai Shelby mutumin Texas ne, ya taɓa kiwon kaji har annoba ta shafe su ya karye, sannan ya shiga tseren mota, ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1959, kafin ciwon zuciya ya raba shi da sitiyari. Sai ya yi dabara, ya samo gangar jikin wata mota marar nauyi daga kamfanin AC na Ingila, ya ɗora mata babban injin Ford. Da yake a lokacin guda ɗaya tak ya mallaka, yana kuwa so duniya ta zaci ya riga ya fara ƙerawa da yawa, sai ya riƙa sake mata fenti duk sa'ad da zai ba marubutan wata mujalla su gwada, wannan ya gan ta da launi kaza, wancan da launi kaza. Abin mamaki, wannan wayon da ya yi wa mutane shi ma ya shiga cikin abin da ake yabon motar da shi ranar gwanjo.

To, mas'alar da ta kamata mai hankali ya tsaya a kanta ita ce, mene ne haƙiƙanin abin da aka saya? Fuƙaha'u sun daɗe da rarrabewa tsakanin farashi da ƙima, suka ce farashi shi ne abin da mai saye da mai sayarwa suka yarda da shi, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ƙima kuwa ita ce abin da masana haja za su yanke mata in an kira su su kimanta, ba tare da son rai ba. In aka ce masana su kimanta ƙarfe da roba da aikin maƙeri da ke jikin wannan mota, ba za su kai ko kusa da kashi ɗaya cikin ɗari na wancan kuɗi ba, domin har gobe akwai kamfanoni masu ƙera kwafinta, sabuwa fil, wadda ta fi ta gudu, ta fi ta birki, ta kuma fi ta ƙarko. Ashe ke nan ba ƙarfe ya jawo tayin ba. Abin da ya jawo shi labari ne, watau cewa wannan ce ta farko, hannun wane ne ya haɗa ta, ba ta kuma taɓa barin mallakarsa ba har ya rasu a 2012.

Tun da labari ake saye, dole a bukaci abin da kowane labari yake bukata, watau isnadi. Duk wanda ya zauna gaban malamin Hadisi, ya ga yadda ake bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya, ana tambaya ko wane ya riski wane, ba zai ji baƙunta ba in ya ga yadda masanan motocin nan suke aiki. Sukan kwanta ƙarƙashin mota da tocila, su duba lambar da aka buga a jikin inji ko ta dace da ta gangar jiki, su duba siffar haruffan ko irin ta masana'antar ce a wannan shekara ko kuwa wani ɗan damfara ne ya goge ya sake bugawa, sannan su bi takardun mallaka daga hannu zuwa hannu, in an sami shekarun da ba a san inda motar take ba, kuɗinta ya faɗi kamar yadda hadisi yake raunana in silsilarsa ta yanke. Dubi Corvette irin wadda ake kira L88 ta 1967. Guda 20 kaɗai kamfanin Chevrolet ya yi a shekarar, ba rediyo, ba na'urar ɗumama ciki, har ma ya rage adadin ƙarfin injin a takarda don kada talakawan direbobi su yi sha'awarta, sai 'yan tsere. Ɗaya daga cikinsu ta tashi a kan dala miliyan 3.85 a garin Scottsdale na jihar Arizona a watan Janairu na 2014, alhali kuwa 'yar'uwarta ta wannan shekara, wadda ido ba ya iya bambanta su daga nesa, ba ta kai ko ushirin haka ba.

Game da halaccin cinikin kansa ba ni da doguwar magana, domin jamhurun malamai sun halatta gwanjo. Haramcin da aka yi na mutum ya yi tayi a kan tayin ɗan'uwansa, Ibn Abi Zaid ya bayyana a cikin Risala cewa yana farawa ne bayan masu ciniki sun karkata ga juna sun kusa sallamawa, ba tun farkon tayi ba. Abin da shari'a ta yi wa kashedi mai tsanani shi ne najashi, watau mutum ya ƙara kuɗi ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani ya bi shi, kuma hanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wannan yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Dokar cinikayya ta Amurka ma ta san wannan cuta, ta ba mai saye zaɓin warware ciniki in an karɓi tayi a madadin mai kaya ba tare da an sanar tun farko ba. Sai dai ko da gwanjo ya tsarkaka daga najashi, ya kamata a san iyakar abin da yake aunawa. Farashin ƙarshe ba ra'ayin jama'ar da suka cika zauren ba ne, ra'ayin mutum biyu ne kawai, wanda ya saya da wanda ya janye daf da shi, kuma da ɗayansu ya kwana da zazzaɓi bai zo ba, da an ji wani adadi dabam, masana kuma su rubuta shi a littafi da sunan darajar motar.

Inda tunani ya fi tsayawa shi ne batun manfa'a, domin sharaɗi ne a wurin fuƙaha'u abin sayarwa ya kasance mai amfani. Akwai wata koriyar Mustang ƙirar 1968 wadda ɗan wasan sinima Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, a kan tuddan titunan San Francisco. A 1974 wani magidanci a jihar New Jersey ya ga tallarta a mujallar motoci ya saya, matarsa kuwa malamar makaranta ce, da ita take zuwa aiki. A 1977 McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa yana neman a sayar masa, mutumin bai sallama ba. Suka yi ta hawa har wajen 1980, lokacin da kulocinta ya lalace aka jingine ta a gareji, ta yi kusan shekara 40 duniya ba ta san inda take ba. Da aka fito da ita, ga tsatsa, ga lotsewa, ga guntayen ƙarfen da aka yi wa walda don ɗaura na'urar ɗaukar hoto suna nan, aka sayar da ita a Kissimmee ta jihar Florida a watan Janairu na 2020 a kan dala miliyan 3.74. Yanzu fa wanda ya saya, in yana tattalin kuɗinsa, ba shi da ikon kankare tsatsar, don ita ce shaida, ba shi da ikon sake fenti, ba ya kuma iya barin matarsa ta tafi kasuwa da ita, don kowane mil da ta ƙara kasada ce. Malamar makarantar nan ta ci moriyar motar a matsayin mota, shi kuwa attajirin ya zama mai gadinta, har da biyan inshora da sanyaya ɗaki.

Nan ne nakan tuna da gwanjon da aka ruwaito daga Anas, ko da yake malaman Hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, na wani mutumin Madina da ya zo roƙo, aka tambaye shi abin da ke gidansa, ya kawo shimfiɗa da ƙoƙon sha. Manzon Allah ya ɗaga su, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, wani ya taya biyu, aka sallama masa, aka ce ya sayi abinci da ɗaya, ya sayi gatari da ɗaya ya tafi itace. Wancan gwanjo ya mai da kayan ajiya kayan aiki, na Monterey da Kissimmee kuwa suna mai da kayan aiki kayan ajiya.

Duk da haka ba zan yi gaggawar kiran wannan almubazzaranci ba, kamar yadda wasu masu wa'azi za su yi da jin adadin kawai. Almubazzari shi ne wanda ya watsar da dukiya ta halaka, wannan kuwa sau da yawa yakan sayar da riba. Ba kuma kowa za a tuhuma da riya ba, tun da da yawansu ta tarho suke tayi, ba a ma bayyana sunansu. Akwai kuma waɗanda ke ajiye motocin a gidajen tarihi, yara su gani su san yadda magabatansu suka sarrafa ƙarfe, wannan kuwa manfa'a ce ta gaskiya ko da ba a hau ba. Alƙur'ani mai girma, a farkon Suratu Ali Imrana, ya lissafa dawaki masu alama cikin abubuwan da aka ƙawata wa mutane sonsu, tare da zinariya da azurfa da gonaki, bai haramta su ba, ya dai kira su jin daɗin rayuwar duniya. Hadisi ingantacce kuma ya kasa dawaki kashi uku, na lada, da na sutura, da na zunubi, alhali dokin ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne dalilin da ya sa aka ɗaure shi. Ban ga abin da zai hana a yi ƙiyasin Cobra a kan wannan ba.

Amma akwai wurin da niyyar nan take fitowa daga zuciya ta zama lissafi, shi ne babin zakka. A mazhabar Maliku, abin da mutum ya saya don amfanin kansa, kamar gida da abin hawa, babu zakka a kansa kome tsadarsa, don haka makiyayi mai tumaki 40 zai fitar da tunkiya ɗaya kowace shekara, alhali Musulmin da ya ajiye motar miliyoyi don sha'awa babu ko kwabo a kanta. Wanda kuwa ya saya don ya jira kasuwa ta tashi, shi ne ake kira ɗan kasuwa mai ihtikari, ba ya kimanta hajarsa kowace shekara, sai ranar da ya sayar ya fitar da zakkar shekara ɗaya ko da ta shekara goma a hannunsa, watau in ya sayar a kan dala miliyan 13.75, haƙƙin miskinai ya kama dala 343,750. Mafi yawan masu tara motocin nan, in za su faɗi gaskiya, niyya biyu gare su a haɗe, suna son motar, suna kuma sa ido kan farashi, su riƙa bin labarin kowane gwanjo don su ji nawa irin tasu ta kama. Shaihu Halilu ya ambaci wannan sura a cikin Muhtasar, inda ya nuna cewa zance mafi rinjaye shi ne, wanda ya haɗa niyyar fatauci da ta amfanin kai, hukuncinsa na ɗan kasuwa ne. Saboda haka wanda ya kulle dukiyarsa a gareji, yana lissafin hauhawarta a zuci, sannan ya ce wa malamin unguwarsu ai abin hawa ne kawai, zakka na nan a wuyansa ranar da ya sallama, ko da sau ɗaya tak ya taɓa tayar da injin.