Gani Ya Kori Ji

Bahaushe ba ya sayen rago da labari. Ko dillali ya rantse cewa ƙahonsa ya murɗe har sau biyu, mai saye sai ya ce a kai shi turke, ya shafa gadon bayan dabbar da hannunsa kafin a yi zancen kuɗi. Alƙali ma idan mai shaida ya durƙusa gabansa, abin da zai fara tambaya shi ne: da idonka ka gani, ko gaya maka aka yi? Cikin irin wannan zama aka haifi karin maganar da ke cewa gani ya kori ji. Magana ce ta mutanen da suka daɗe a kan hanya, fatake da 'yan koli, waɗanda suka san labari yakan tashi daga wani gari a rame ya isa wani garin da ƙiba.

Galibi don kashe gardama muke faɗarta. An yi ta musu a kan abu, sai ga abin a fili, wani ya ce to, gani ya kori ji, kowa ya kama bakinsa. Ni kuwa ina ganin ta fi haka nauyi, kuma inda na fi jin nauyinta shi ne a kan hanyar gaɓar tekun Gana, da yara da tsohuwa a cikin mota.

Mun sauka ne wurin dangi a Nima, cikin birnin Akra, inda Hausa ke tashi a kowane lungu. Ƙanin mahaifina ya ba mu motarsa, ya haɗa mu da ɗansa ya tuƙa. Babbar hanyar da ta taso daga Aflao a iyakar Togo ta ratsa Akra ta miƙe yamma har Elubo a iyakar Kwaddibuwa, ita muka hau. Daga Akra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, amma duk wanda bai fita da sallar asuba ba, cunkoson Kasoa zai cinye masa hantsi. A bakin hanya muka sha koko mai yaji da ƙosai, karin kumallon da mutanen ƙasar suka jingina wa Hausawa. Muka wuce mararrabar Winneba, muka wuce kasuwar Mankessim, yara suna ta tambayar ina tekun, domin hanyar tana ɓoye ta a bayan tuddai da kurmi.

Sai a wajen Anomabo da Biriwa ta bayyana, a tsakanin itatuwan kwakwa. Yaron da ya tashi a Kano ya san teku a littafi, ya shafa mata shuɗin fensir a taswira, ya haddace cewa ruwanta da gishiri. Abin da littafi bai ba shi ba shi ne ƙararta, wadda ba ta tsayawa ko na numfashi ɗaya, kamar hadarin Agusta da ya yi ta ruri ya ƙi saukowa. Autanmu ya ɗebi ruwan da tafin hannu ya kai baki, ya tofar, ya dube ni ya ce, "Baba, ashe da gaske ne." Mahaifiyata ta tsaya nesa da inda ruwan ke kaiwa, ta riƙe gefen mayafinta, tana ta tasbihi. Can ta ce, "Wai haka take dare da rana, ba ta hutawa?" Wani dattijo mai gyaran koma ya yi mana nuni da hannu kada mu bar yara su wuce idon sawu, domin ruwan nan idan zai koma da ƙafar mutum yake komawa.

Wannan shi ne sauƙin maganar, kowa ya yarda da shi. Amma ido ma ana cutarsa, kuma a wannan gaɓar muka ga yadda ake yi. Kwalekwale ne jere a kan yashi, manya, an sassaƙa gindinsu daga icce guda, an yi musu fenti ja da kore da rawaya, kowanne da tutarsa. Maza da samari sun kama igiyar taru suna ja da waƙa, mata sun jera kwanoni suna jira. Baƙo ya ga haka sai ya ce Allah ya yi wa mutanen nan arziki. Da tarun ya iso tudu, robobi da ledoji sun fi kifin yawa. Wata mai yin banda, tana juya kifi a kan murhun laka, ta gaya wa ɗan'uwana da yarensu cewa wasu ranakun kifin da take bandawa daga ɗakin ƙanƙara take sayowa, domin mazan sun dawo hannu biyu. Manyan jiragen kamun kifi sun yi shekaru suna kwashe ƙananan kifayen da talaka ke ci, suna daskarar da su, suna sayarwa a tsakiyar teku ta ɓarauniyar hanyar da ake kira saiko. Kwalekwalen ma sun yi yawa, wasu kuma suna kunna fitila mai ƙarfi da dare don jawo kifi. Tun kaka da kakanni masuntan Fante ba sa shiga teku ranar Talata, amma hutun yini guda bai ƙara isa ba, har a 2019 gwamnati ta fara rufe kamun kifin kwalekwale na wata guda. Duk wannan ba ya cikin hoton da muka ɗauka. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubo masa, kuma wanda ya zo kallo bai tambayi mai ɗaki ba, da rabin sani zai koma gida.

To me ke nan gani ya kora? Amsar tana cikin farin ginin da ke tsaye a bakin ruwa a Cape Coast, da igwoyinsa a jere suna fuskantar teku. Turawan Suwidin suka fara kafa sansani a wurin a 1653, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wa Ingilishi, kuma garin ya zama hedikwatar mulkinsu a Gaɓar Zinariya har 1877 da suka koma Akra. Yarana sun karanta cinikin bayi a makaranta. Sun san an kwashe sama da mutum miliyan 12 daga Afirka zuwa ƙetaren teku, fiye da miliyan 1 daga wannan gaɓar kaɗai. Sun rubuta a jarrabawa, sun ci, sun dawo gida sun ci tuwonsu. Haka ji yake. Yakan bar mutum da tazara, ya ji abu mai ban tsoro ya ce Allah sarki, ya ci gaba da harkarsa.

Da muka shiga ginin, jagoran masu ziyara ya gangara da mu ta wata hanya mai santsi zuwa kurkukun maza. Ɗakuna ne na bulo masu rufin baka, a ƙarƙashin ƙasa, ba taga sai 'yan ƙananan kafofi can sama kusa da rufi. A tsakiyar daɓen akwai siririyar kwata. Ya ce mu dubi ƙasan da muke takawa, mu ga yadda ya yi baƙi ya daskare ya rufe bulon: wannan ba siminti ba ne, abin da ya fita daga jikin ɗaruruwan mutanen da aka cusa a nan ne, makonni da watanni suna jiran jirgi, a nan suke ci, a nan suke bayan gida, a nan wasu ke mutuwa. Sannan ya kashe fitila. Ba mu kai minti guda a duhun ba, gumi ya jiƙa mana riga, babbar 'yata ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Da muka fito ya nuna mana ɗakin da ke daidai saman kurkukun. Coci ne. A can sama kuma ɗakunan gwamna, da tagogi manya, iskar teku na shiga ta ko'ina.

Daga nan aka bi da mu zuwa ƙofar da ake fitar da bayi zuwa kwalekwalen da za su kai su jirgi, wadda ake wa laƙabi da ƙofar da ba a dawowa. A 1998 an shigo ta cikinta da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka kai su Assin Manso aka binne, kusa da rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a gangaro da su kasuwar gaɓa. Barack Obama ya zo gidan da iyalinsa a 2009. Har yau baƙaƙen Amurka da na Karibiyan suna zuwa suna ajiye furanni a gindin bango, wasu suna kuka a fili ba sa jin kunyar kowa. Na ga wata tsohuwa a cikinsu ta dafa bangon da goshinta. Mahaifiyata, da ba ta jin ko kalma ɗaya ta harshenta, ta matsa ta dafa mata kafaɗa ta ce, "Sannu, baiwar Allah."

Elmina tana gaba kaɗan, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. Gininta ya fi tsufa: Turawan Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya, na Holan suka ƙwace a 1637, suka miƙa wa Ingila a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a kai shi gudun hijirar dole. Akwai tsakar gida ta sashen mata, da barandar da gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so. A wannan tsakar gidan 'yata ta yi tambayar da nake ganin ita ce ribar tafiyar. Ta ce, "Baba, Turawan ne suke shiga daji su kamo su?"

Ba su ba ne, sai kaɗan. Zazzaɓi ba ya barinsu su yi nisa da bakin ruwa, kuma filin da suka gina sansanonin ma haya suke biya wa masu ƙasa. Saye suke yi, da bindiga da albarushi da barasa da yadi. Masu kawowa 'yan ƙasa ne. A ƙarni na 18 Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba, tana karɓar harajin bayi daga gare su, ta riƙe wasu ta gangaro da wasu gaɓa. Gwanjan nan kuwa ita ce wadda kakanninmu ke zuwa fataucin goro. A kasuwar Salaga ayarin Hausawa ke sauke kanwa da fatu da tufafi da dabbobi, kuma bayi suna cikin hajar da ake ciniki. A Kano ma kasuwar Kurmi tana da sashenta na bayi har zuwa 1903. An sayar da mu kuma: Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙe aka fitar ta Legas da Wida sun isa Bahiya a Barazil, har suka shirya tawaye a can a 1807. Muna cikin masu sayarwa, muna cikin waɗanda aka sayar.

A nan maganar magabata ta juyo ta fuskance mu. Bature ya yi nasa zalunci a cikin ginin dutse da bulo, ginin ya tsaya, a 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, yaro yana iya shiga ya shaƙi warinsa. Namu an yi shi a rumfar kara da zauren laka da kan hanyar ayari, damina ta wanke. Da ba a bar abin gani ba, sai ya tsaya a ji, ji kuwa mai lanƙwasuwa ne, kowa ya tausasa shi yadda zai iya haɗiyewa. Shi ya sa za ka ji ana cewa ai bautarmu mai sauƙi ce, bawa ɗan gida ne. Wanda aka raba da uwarsa yana shekara bakwai ba a tambaye shi ba. Kuma abin bai mutu ba. Har yanzu akwai gidajen da ake fasa aure saboda an tono cewa kakan yaro bawa ne, akwai masu yi wa maƙwabci gorin asali idan faɗa ya yi zafi. A Nijar sai a 2003 doka ta mayar da bauta laifi, a 2008 kuma kotun ECOWAS ta kama gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12. Ina jin zafin wannan, kuma ina ganin uban da ya kai 'ya'yansa Elmina suka la'anci Bature suka dawo, bai gaya musu Salaga da Kurmi ba, ya yi musu rowar rabin gaskiya.

Mun ci gaba yamma. Mun ga tashar jiragen ruwa ta Takoradi da aka buɗe a 1928, muka kwana a Busua inda yashi ke da laushi, yara suka sha ruwan kwakwa har suka ƙoshi, muka ci dokunu da soyayyen kifi da barkono. Sun yi wasa sun yi dariya, haka ya kamata. Amma a hanyar komowa mahaifiyata ta buɗe bakin da ban taɓa jin ta buɗe ba. Ta ce tana ƙarama akwai wata tsohuwa a gidan kakanta, mai tsage a fuska irin wanda ba na garinsu ba, ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, ita ta goye su duka. Idan tana surfe takan yi wata waƙa da harshen da ba wanda ya sani a gidan.

"Hajiya, 'yar wane gari ce?" in ji 'yata.

"Wallahi ban sani ba, 'yar nan. Ba wanda ya taɓa tambayarta."

Yarinyar ta juya wurin ɗan'uwana ta ce, "Kawu, Salaga da nisa daga nan?" Ya ce tafiyar yini ce cur zuwa arewa, amma rijiyoyin da ake shayar da bayi suna nan har yanzu, ana nuna wa mai zuwa. Muka tsayar da magana sai rani, kuma kafin nan, idan mun koma Kano, zan kai su Kurmi mu nemi wani dattijon 'yan kasuwa ya nuna mana daidai wurin.