Kazar Yarabawa: Bayani Kan Tsohon Sunan Agwagwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya halicci tsuntsaye jinsi-jinsi, Ya hore wa wani iska, Ya hore wa wani ruwa, kuma Ya sanar da Annabi Adamu, alaihis salamu, sunayen abubuwa, kamar yadda ya zo a aya ta 31 cikin Suratul Baƙara. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, duk wanda ya ratsa wajen 'yan kaji a Kasuwan Magani, can ƙasar Kajuru a kan hanyar Kaduna zuwa Kachiya, zai tarar da agwagi kwance a ɗaure, kusa da akurkin kaji da zabi. Dubi toron da kyau: fuska ja mai tsiro kirci-kirci, farce mai kaifi, jiki kusan biyun na macen. Bahaushe da mutumin Adara duk agwagwa suke ce mata in ana ciniki. Amma magabata suna da wani suna da ya saura a tsofaffin ƙamusu da bakin dattawa, wato kazar Yarabawa.

Ma'anar a fili take. Bahaushe ya ga tsuntsuwar gida da bai gada ba, ya auna ta da wadda ya sani, ya ce kaza. Ya dubi hannun da ya miƙo masa ita, ya ce ta Yarabawa. Haka ya yi wa masara, ya jingina ta ga Masar, alhali asalinta nahiyar Amurka ne. Ita ma wannan agwagwa can ne gidanta, daga Meksiko zuwa dazuzzukan Barazil, inda mutanen wurin suka daɗe suna kiwon ta tun kafin Turawa su isa a 1492. Zance mafi rinjaye shi ne jiragen Fotugal, waɗanda suka kai Barazil a 1500, su suka sauke ta a gaɓar tekunmu, daga nan ta hauro arewa hannu zuwa hannu, ta ƙasar Yarabawa da Nufe, a kan hanyoyin fatake.

To, shin magabata sun yi kuskure? Ni dai ban ga kuskure ba. Sun shaidi abin da idonsu ya gani, kuma shari'a ba ta neman fiye da haka ga mai shaida. Sunan bai ce a nan aka halicce ta ba, cewa ya yi ta nan ta shigo mana. A gwada shi da na Turawa mana. Ingilishi sun jingina ta ga ƙasar Mosko, inda ba ta da ko dangi. Faransawa sun ce agwagwar Barbar ce, wato ta Magrib. Sunanta na kimiyya kuwa rabinsa yana nuni da Alƙahira, rabinsa da ƙamshin miski, kuma wannan rabin na biyu masanin kimiyya Linnaeus ne ya rubuta shi a 1758. Ƙasashe uku ke nan, babu wadda ta dace. Namu aƙalla ya kama hanya ta gaskiya, ko da zangon ƙarshe kaɗai ya ambata.

Ita kalmar agwagwa, mutane kan ce daga kukanta aka samo ta. Wannan yana da rauni, domin duk mai kiwon ta ya san ba ta cika kuka ba. Toron huci yake yi, yana miƙa wuya gaba da baya yana kaɗa jela, macen kuwa 'yar ƙaramar murya gare ta. Masu kwakwazon wani jinsi ne dabam. Abin da ya fi kwanta mini shi ne kalmar ma baƙuwa ce, tare da tsuntsuwar ta zo. Nufawa suna ce mata gbangba, kuma harshen Bahaushe ya saba mai da gb ta koma gw: ga maƙwabtanmu Gbagyi nan da muka mayar Gwari.

Wani abin lura ga ɗalibai: in ka karanta babin baɗɗu, wato agwagwa da Larabci, a littafin Hayatul Hayawan na Shehu Damiri, kada ka ɗauka wannan ta tsakar gidanka yake nufi. Malamin ya rasu a Alƙahira a 1405, ita kuwa a lokacin ba ta ƙetaro teku ba.

Ba kuma za a ce ƙasar Hausa ba ta san tsuntsun ruwa ba kafin zuwanta. Muna da dinya, babbar nan mai ƙaya a gwiwar fiffike (a kula, ba ɗinya itaciya ba), muna da kirinjijiya mai farar fuska, wadda ke fito sau uku a jere in ta tashi, kuma garkenta kan cika fadamun Haɗeja da Nguru. Waɗannan ba a jingina su ga kowace ƙabila ba, don ba wanda ya kawo su. Abin mamaki, ita kirinjijiya ana samun ta a Afirka, ana kuma samun ta a Amurka ta Kudu, jinsi guda, ba da jirgin kowa ba. Tsarki ya tabbata ga Mai watsa halittu inda Ya so!

Game da hukunci, naman agwagwa halal ne in an yanka, kuma a mazhabar Malikiyya farcenta ba ya hana komai, domin Risalar Ibnu Abi Zaid ta halatta har tsuntsaye masu farauta. Ƙyamar da wasu ke yi mata saboda tana cusa baki a kwata al'ada ce kawai. Kaza ma ai tana tonon juji. Haka camfin da ke bakin wasu direbobi, wai wanda ya take agwagwa sai masifa ta same shi, ba shi da tushe a addini. A kauce mata don tausayi da haƙƙin mai ita, musamman in an san macen sai ta yi kwana 35 a kan ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe, inda kaza ke yin 21. Allah ne Mafi sani.