Baƙon Makonni Shida a Ƙasar Tailan



Kowace shekara, a Lahadin da ke gab da ta ƙarshe cikin watan Oktoba, Ikilisiyar Katolika ko'ina a duniya takan kiyaye Lahadin Mishan, wadda Paparoma Piyus na 11 ya kafa a shekarar 1926. A dā, in an ce ɗan mishan, wanda ke faɗo mana a rai shi ne Fada Bature mai farin gemu, wanda ya zo ya tsufa a cikinmu har aka binne shi a bayan coci. Yanzu kuwa matasa sukan tafi wata ƙasa na 'yan makonni, su yi hidima, su komo. Iyaye da dama sun tambaye mu ko wannan mishan ne, ko kuwa yawon buɗe ido ne aka sa masa rigar addini. Tambayar tana kan hanya, gama kuɗin jirgi ba kaɗan ba ne, sau da yawa kuma daga aljihun masu bi yake fitowa.

Za mu amsa ta wurin labarin ɗaya daga cikin 'ya'yanmu, saurayi mai karatu a Malesiya, wanda ya ba da hutunsa na makonni shida ga aikin sa-kai a wata makarantar Sistoci a arewa maso gabashin Tailan, kusa da kogin Mekong. Ya rubuto doguwar wasiƙa, ya kuma yarda mu yi amfani da ita ba tare da ambaton sunansa ba.

Ya tashi da zaton zai kai Bishara inda ba ta taɓa zuwa ba. Sai ya tarar da Ikilisiyar da ta girme tamu nesa. Fadoji biyu 'yan ƙungiyar Dominik daga Fotugal sun isa Ayutthaya, tsohon babban birnin ƙasar, tun a 1567. 'Yan mishan na Faransa suka biyo baya a 1662, Sarki Narai ya ba su wurin zama, Roma kuma ta kafa Mishan ɗin Siyam a 1669. Ku tuna, sai a 1907 ne Fadojin SMA suka sauka a Shendam. Duk da haka, bayan shekara fiye da 350, Katolikan Tailan ba su kai mutum 1 cikin 100 ba, fiye da 90 cikin 100 na jama'ar kuwa mabiya addinin Buda ne. Wanda yake auna aikin Allah da ƙidaya zai ce an yi hasara. Mu ba mu ce haka ba.

Aikin da aka ba shi shi ne koya wa yara Turanci, yawancinsu kuma ba Kirista ba ne, kamar yadda yake a galibin makarantun Katolika na ƙasar. Da yawa cikinsu kakanni ne ke riƙonsu, iyaye sun tafi neman kuɗi a Bankok. Kafin ya koyar da kome, sai da aka koya masa. Aka nuna masa yadda ake haɗa tafin hannu biyu a sunkuya don gaisuwa, da tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Aka gargaɗe shi kada ya shafa kan yaro ko da wasa, domin kai abin girmamawa ne a wurinsu, kada kuma ya miƙe ƙafa wajen babba. Ya koyi dunƙula shinkafa mai danƙo da hannu kamar tuwo, ya haɗa ta da kwaɗon ɗanyar gwanda mai barkono da ruɓaɓɓen kifi, wanda ya ce warinsa ya fi na daddawa.

Harshen ne ya fi ba shi wuya. Mu masu jin Hausa mun san yadda karin murya ke raba kukan yaro da kuka ta miya. Harshen Tai yana da irin wannan kari har biyar. Kalmar "khao", in an ɗaga murya ta wata hanya shinkafa ce, ta wata hanya fari ne, ta wata kuma labari ne. Ya yi kwanaki yana gaya wa yara ya kawo musu labari mai daɗi, su kuwa suna jin shinkafa mai daɗi ya kawo, suna dariya a ɓoye.

Akwai abu guda cikin wasiƙar da muke so kowane katekist da kowane shugaban matasa ya yi tunani a kansa. A mako na uku ya ba yaran labarin Makiyayi Mai Kyau, sa'an nan ya tambaya ko wa yake so ya bi Yesu. Dukan ajin suka ɗaga hannu. Ya ruga da murna wurin tsohuwar Sistar da ke kula da makarantar. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Ɗana, da ka tambaye su wa yake so ya share maka ɗaki, da haka za su ɗaga." Mutanen Tai suna da wata ɗabi'a da suke kira "kreng jai", wadda ta yi kusa ƙwarai da abin da muke kira kara: ba a ƙin baƙo ko malami a kan idonsa, ba a kunyata shi. Da ya ɗauki hoton hannuwan nan ya aiko mana, da mun yi ta tafi a coci a kan abin da bai faru ba.

Sistar ta kuma bayyana masa nauyin abin da yake tambaya. A al'adarsu, saurayi yakan shiga zuhudu a haikalin Buda na ɗan lokaci, ladan wannan kuwa ana ɗauka na iyayensa ne, musamman mahaifiyarsa. Yaron da ya karɓi Baftisma, a idon dangi, ya hana uwarsa babbar kyautar da ɗa zai iya ba ta. Wasu a cikinmu sun san irin wannan ciwo a gidajensu, ba sai mun yi musu bayani ba. Saboda haka Ikilisiya ba ta gaggawa. Tana da lokacin koyon katekisim, tana neman yardar iyaye game da ƙananan yara, ta kuma haramta a ruɗi mutum ko a matsa masa ya shiga bangaskiya. Majalisar Vatikan ta Biyu, a 1965, ta ambaci addinin Buda da girmamawa, ta koya mana kada mu ƙi abin da yake na gaskiya da tsarki cikin sauran addinai. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ziyarci babban shugaban 'yan zuhudun Buda a Bankok a 1984, marigayi Paparoma Fransis ma ya yi haka a 2019.

In mun buɗe Bishara ta hannun Luka, sura 10, za mu ga Ubangijinmu da kansa ya aiki almajirai aikin gajeren lokaci. Ya hana su ɗaukar jaka, ya umarce su su sauka a gida guda, su ci abin da aka ba su, su kula da marasa lafiya. Wato ya aike su a matsayin baƙi masu bukatar masauki. Da suka komo suna ɗokin ba da labarin nasara, ya juya murnarsu daga abin da suka aikata zuwa ga alherin da Allah ya yi musu.

Kada wani ya ɗauka wannan haƙuri tsoro ne. Kafin ya bar ƙasar, an kai ɗanmu ƙauyen Songkhon a bakin Mekong. A 1940, lokacin rikici tsakanin Tailan da Faransa, aka ɗauki Katolika a matsayin 'yan koren Faransa, aka kori Fadan ƙauyen, 'yan sanda suka matsa wa jama'a su bar bangaskiya. Katekist Filibus Siphong, magidanci, ya ci gaba da tara su yin addu'a, aka harbe shi ran 16 ga Disamba. Ran 26 ga wata aka kai Sista Agnes Phila da Sista Lusiya Khambang maƙabarta, tare da Agata Phutta mai dafa abinci da 'yan mata uku, Sisiliya, Bibiyana da Mariya, masu shekara 16, 15 da 14, aka harbe su. An sa su bakwai ɗin cikin Masu Albarka a 1989. Ya rubuta cewa ya tsaya a gaban kaburburansu, shi da ya girme 'yan matan nan duka, ya rasa abin faɗa.

To, ga amsarmu ga iyaye. Irin wannan tafiya tana iya zama mishan na gaske, amma ba kowace ba. Ba za mu goyi bayan wadda Ikilisiyar wurin ba ta gayyata ba, ko wadda ba Bishof ko ƙungiyar Fadoji ko Sistoci da za su riƙe aikin bayan baƙi sun tashi. Ba za mu sa hannu ga matashin da bai taɓa koyar da katekisim ko ya gai da marasa lafiya a unguwarsu ba, ya ce sai a Asiya zai fara. Wani lokaci kuma gaskiyar ita ce kuɗin jirgin zai fi amfani in an aika shi ga masu aikin da ke can. Sa'ad da matashi ya komo, kada mu tambaye shi mutum nawa ya tubar. Mu tambaye shi wa ya sauke shi, me ya koya a hannunsu, da wane aiki zai kama a cocinsu ran Lahadi mai zuwa.

Baikon Lahadin Mishan yana tafiya ne zuwa asusun Paparoma na yaɗa bangaskiya, wanda ke tallafa wa ƙananan ikilisiyoyi a Asiya da Afirka, har da tamu. Muna roƙon katekistoci su karanta wannan saƙo a ƙananan coci-coci na ƙauyuka, su kuma sa ran 16 ga Disamba, ranar tunawa da shahidan Songkhon, cikin addu'o'in jama'a, musamman da yake na farkonsu katekist ne kamar su.