Amanar tsohuwar murya

Bassman ta 1959, wadda kamfanin Fender na Amurka ya ƙera, na'ura ce ta ƙara sautin gita mai aiki da fitilun gilashi. Ita ce Jim Marshall ya kwaikwaya a Landan a 1962. Duk wanda ya gaji irinta, tambaya na jiransa: ya bar ta yadda take, ko ya gyara?

Masu tara kayan tarihi sun fi ba da kuɗi ga wadda ba a taɓa cikinta ba. Sai dai ma'ajiyan wutarta, wato kondansatar, suna bushewa da tsufa. In an ƙyale su, gunji ya rufe kiɗa, wata rana taransifoma ta ƙone. Gyaran ma da hatsari, domin wutar ciki ta haura bolt 400, kuma takan saura bayan an kashe na'urar.

A ganina, muryar ce amanar da aka bar mana. A canza abin da ya mutu, a adana tsohon, a rubuta ranar aikin, kada a ɓoye wa mai saye. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.