Mallakar Abu da Mallakar Amfaninsa

Malaman fikihu sun raba mallaka gida biyu, wato mallakar zatin abu da mallakar amfaninsa, kuma ba sa kiranta cikakkiya sai biyun sun haɗu a hannun mutum ɗaya. Wannan rabo ya fito fili a katunan sadarwa na tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, waɗanda aka ƙera bisa ƙa'idar ƙungiyar PCMCIA da aka kafa a 1989. Kaurin katin da ya fi yaɗuwa milimita 5 ne kacal, alhali kan wayar sadarwa da ake kira RJ45 ya fi haka kauri, don haka galibi akan sa wata gajeriyar waya tsakaninsu. Bakin da ke shiga kwamfuta an daidaita shi a kan fil 68, amma bakin waje kowane kamfani ya tsara nasa, har wayar wani ba ta cika shiga katin wani ba. Idan ta ɓace bayan an daina ƙera ta, sai mai kati ya wayi gari da zatin abu ba amfaninsa.

Wanda ya haɗa wayar da hannunsa yana dogara ne ga ilimin da ba mallakar wani ba ne shi kaɗai, domin tsarin sadarwa na 10BASE-T na 1990 layuka huɗu yake buƙata, na 1 da na 2 don aikawa, na 3 da na 6 don karɓa. Aikinsa shi ne ya gano da na'urar awo inda kowane layi ya faɗa a bakin katin, sannan ya liƙa da dalma, tare da lura cewa wasu kamfanoni a cikin wayar suka sa ƙaramin taransifoma mai kare katin, wanda idan babu shi haɗin bai cika ba.

Mai cewa mai haɗa wayar ya shiga haƙƙin kamfani yana da abin dubawa idan da sunan kamfanin zai sayar, domin wannan algus ne. Amma ciniki yana mayar da abu da amfaninsa ga mai saye, kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an ƙi tozarta dukiya, wanda jefar da lafiyayyen kati saboda guntuwar waya yana cikinsa. Saboda haka mai haɗa wayar don amfanin kansa bai ci haƙƙin kowa ba, nasa ya karɓa.