RAMUKAN WATA DA RUFIN DA MUKA MANTA



Duk wanda ya kalli hoton Wata ko na duniyar Mars zai ga ramuka birjik. Duwatsu ne daga sararin samaniya suka faɗo da gudu suka haƙa su. Wata ba shi da iskar da za ta tare su. Mu kuwa Allah Ya lulluɓe mu da iska mai ƙone mafi yawansu tun a sama. Hasken nan ne muke gani da dare a nan Danko mu ce tauraro ya faɗi.

Jefi-jefi wani kan kuɓuto. Tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi irin wannan rami ne, faɗinsa kusan kilomita 10. A 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gonar wani manomi a Zagami, ƙasar Katsina. Masana suka gano daga Mars ya taso.

Abin da ke damuna shi ne camfi. Da an ga hasken sai a ce wani babba zai mutu. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar. Annabi ya kore wannan zato, ya umarce su da salla da addu'a.

To mu ma hakan ya kamata. In ka ga hasken, ka yi tasbihi, ka gode wa Mai rufin da kake kwana a ƙarƙashinsa.

Allah Ya sa mu dace.