Shin Mutum Yana Iya Ɗaga Kansa da Kunnen Takalminsa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, mutanen Amurka suna da wata karin magana wadda suke faɗi da Ingilishi, "pull yourself up by your bootstraps", ma'ana ka ɗaga kanka sama da kunnen takalminka. Wannan kunne shi ne ɗan madaukin fata da ake ɗinkawa a bakin dogon takalmi, domin a sa yatsa a ja shi lokacin sakawa. Suna faɗinta ga wanda ya fita daga talauci da ƙoƙarin kansa ba da tallafin kowa ba, suna kuma faɗa wa matalauci ita domin ya daina jiran taimako.

Abin lura shi ne, da farko maganar ba'a ce. A shekarar 1834 wata jarida ta Amurka ta yi amfani da ita wajen yi wa wani mutum dariya, saboda ya yi da'awar ƙera na'ura mai juyawa har abada ba tare da an tura ta ba. Dalili a fili yake: duk ƙarfin da hannu ya ja takalmi sama da shi, da irinsa ƙafa take danne shi ƙasa. Sai a farkon ƙarni na 20 maganar ta juye, abin da ake buga misali da shi na rashin yiwuwa ya koma nasiha da yabo.

To, ina gaskiya take? Akwai rabin gaskiya a cikinta. Kasala da roƙo ba bisa larura ba suna zubar da mutunci, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu tuna da Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi. Bayan hijira zuwa Madina a shekarar 622, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa. Ya shiga fatauci har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Amma mu duba da kyau: ya samu garin da ya karɓe shi, da ɗan uwan da ya nuna masa hanya, da amincin da ya ba shi damar saye da sayarwa. Ya ƙi kyautar dukiya, alhali kuwa bai rasa madogara ba.

Sauran rabin kuwa yana da haɗari ta fuska biyu. Na farko, maganar tana iya zama sanda a hannun mai ƙarfi. A Amurka, dokar shekarar 1862 ta ba masu neman gona eka 160, wajen hekta 65, kusan kyauta, kuma mafi yawan waɗanda suka amfana fararen fata ne. Bayin da aka ƴanta a 1865 kuwa, wasunsu an ba su eka 40, sa'an nan aka karɓe mafi yawan filayen aka mayar wa tsofaffin iyayen gijinsu. Martin Luther King ya tuna wa mutanen ƙasarsa wannan a birnin Washington ranar 31 ga Maris 1968, kwana 4 kafin a kashe shi. Ya nuna cewa mugunta ce a umurci marar takalmi ya ɗaga kansa da kunnen takalmi.

Na biyu, tana shuka girman kai a zuciyar wanda ya samu. Idan ya gaskata cewa shi kaɗai ya gina kansa, sai ya manta da uwar da ta yi rainonsa, da malamin da ya karantar da shi, da ubangidan da ya ba shi jari, da manomin da ya ciyar da shi. Daga nan sai ya ga zakka kamar asara, ya ga matalauci kamar mai laifi. Suratul Ƙasasi ta ba mu labarin Ƙaruna, wanda ya jingina dukiyarsa ga saninsa, kuma mun san yadda ƙasa ta haɗiye shi da gidansa.

Saboda haka, ya ku ƴan uwa, mu sanya kowane rabi a muhallinsa. Mai lafiya ya faɗa wa kansa maganar ƙoƙari, ya tashi ya nema, domin mai nema yana tare da samu. Amma kada mai wadata ya jefi maraya ko gajiyayye da ita domin ya kuɓuta daga haƙƙin da ke kansa. Idan saurayi ya zo mana yana neman sana'a, kafin mu ce masa ya dogara da kansa, mu tambayi kanmu ko mun nuna masa kasuwa. Kakanninmu da suka gadar mana da gayya da adashi sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba mu ƙarfin nema, Ya sanya mu cikin masu godiya, Ya kiyashe mu daga girman kai da rowa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.